Ƙaron Indiya da Dashin Gafasa: Kama da Wane Ba Ta Wane

Ni mutumin Gafasa ne, cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi, gabas da birnin Kano, kusa da Gaya. Sa'ad da malaminmu na Hausa ya ce kowa ya kawo abin da za a buga a mujallar bana, niyyata in yi rubutu a kan noman gyaɗa. Daga baya sai na ga akwai abin da ya fi wannan nauyi a zuciyata, watau wani al'amari da ya auku gidanmu, wanda ya kusa raba ni da wanda ya riƙe ni, ya kuma kusa raba ni da makaranta. Masu iya magana sun ce, in kunne ya ji jiki ya tsira. Saboda haka ina roƙonku ku ba ni aron hankalinku.

Yadda Abin Ya Faro

Tun rasuwar mahaifina, Baffana, watau wansa, shi ne ubana. Shi ke ciyar da ni, shi ke biya mini kuɗin makaranta. Manomi ne, yana noma gero da dawa da wake da gyaɗa, da rani kuma ya taɓa fataucin awaki da tumaki. A shekarar 2022 ya yi ta fama da ciwon kai da jiri, aka kai shi asibiti a Gaya, aka auna shi, aka ce hawan jini ne. Aka ɗora shi a kan ƙwayoyi, kullum da safe, aka ce ya riƙa komawa awo. Ya kuwa ji sauƙi, amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Kullum sai ya ce, "Wane irin magani ne wannan wanda ba shi da ranar gamawa?"

A hutun ƙarshen shekarar 2024, lokacin hunturu, ina gida, sai ga Baffa ya komo daga wata kasuwa da 'yar kwalba a aljihu, yana fara'a. Ya ce ya tarar da wani mai magani da mota da lasifika, jama'a sun yi masa caa. Mutumin ya ce maganinsa daga Indiya aka kawo shi, ƙaron wani itace ne, yana wanke zuciya, yana narkar da kitsen jini, kuma wanda ya shanye kwalba uku ya yi ban kwana da asibiti. Baffa ya sayi ukun nan gaba ɗaya, da kuɗin tunkiya guda.

Da yake ni ne ɗan boko a gidan, ni aka miƙa wa kwalbar. Na ga hoton zuciya da na wani ɗan itace mai ƙaya, da wata kalma da ban taɓa gani ba, wai guggul. Kakata, mahaifiyar Baffa, ta ce, "Kai angona, miƙo nan in gani, bokonka bai kai hancina ba." Ta ɓare kafso ɗaya a tafin hannu, ta sansana, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska don ɗaci, ta ce, "Af! Wannan ai ɗan'uwan dashi ne."

Wannan magana ta ƙara wa Baffa ƙarfin gwiwa. Ya ce, "To, kun ji. Itacen da muka gada kaka da kakanni, ina zai cuci mutum?" Tun daga ran nan ya ajiye ƙwayoyin asibiti a kan taga, ya kama shan na kwalba. Ni dai raina bai kwanta ba, amma yaro ba ya musu da babba a gaban jama'a. Na kwafe sunan a bayan littafina, na yi shiru.

Mene Ne Guggul?

Da aka koma makaranta, na kai wa malaminmu na kimiyyar halittu sunan. Ya ce, "Matambayi ba ya ɓata." Ya zauna da ni yamma uku muna bincike cikin littattafai da intanet. Ga abin da na koya.

Guggul ƙaro ne da ake samu daga wani ɗan gajeren itace mai ƙaya, wanda ke tsirowa a busassun wurare na arewa maso yammacin Indiya, musamman jihohin Rajastan da Gujarat, da kuma wani sashe na Pakistan. Masana tsirrai suna kiransa Commiphora wightii. Akan tsaga ɓawonsa da wuƙa, sai wani ruwa rawaya-rawaya mai ƙanshi ya tsattsafo, ya daskare, a zo a ɓamɓare. Mutanen Indiya sun daɗe ƙwarai suna ƙona shi don turare, suna kuma sa shi cikin magungunansu na gargajiya da suke kira Ayurveda. Wani daɗaɗɗen littafinsu na likitanci mai suna Sushruta Samhita ya ambace shi cikin magungunan ƙiba.

Da na nuna wa malam mamakina game da hancin kakata, sai ya yi dariya ya ce tsohuwa ta yi gaskiya. Dashinmu, wanda masana ke kira Commiphora africana, dangi ɗaya ne da itacen guggul, kamar dai yadda gero da dawa duk hatsi ne. Duk ɗan ƙauye ya san dashi: gajeren itace mai ƙaya, mai ɓawo toka-toka da ke saɓulewa, ganyensa uku-uku, yana kaɗe ganye da rani ya tsaya tsirara kamar ya mutu. In ka sari reshensa ka kafa a ƙasa sai ya kama, don haka ake shingen gona da na garka da shi. Awaki da raƙuma suna cin ganyensa. In aka ji masa rauni yakan fid da ƙaro mai ƙanshi. Fataken Turai na dā suna kiran ƙaron itatuwan nan biyu da suna ɗaya, sai dai su ce wannan na Indiya, wannan na Afirka. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya tattara sunayen itatuwanmu na Hausa cikin wani littafi da aka buga a 1916, ya kuma fitar da wani babba a 1937 a kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Har itacen hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, masana suka laƙaba masa sunan wannan likita.

To, amma dangantaka daban, aiki daban. Na tambayi kakata daga baya abin da suke yi da ƙaron dashi a zamaninsu. Ta ce suna zuba shi a kasko su turara ɗaki da tufafi, hayaƙinsa yana korar sauro, wani lokaci kuma a shafa shi a kan miki. Na ce, "Zuciya fa, Kaka?" Ta ce ita tun tasowarta ba ta taɓa jin wanda ya sha dashi don zuciya ba.

Zuciya da Aikinta

Kafin mu san ko magani yana aiki, dole mu san cutar da aka ce yana warkarwa. Zuciya tsoka ce wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. A jikin baligi mai hutawa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, watau wajen sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jini kimanin lita 5 kowane minti. Duk wanda ya taɓa ganin injin ban-ruwa a fadama ya ga misalinta: zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo, gaɓoɓin jiki kuwa su ne fangalai masu jiran ruwa.

Abubuwa biyu ne suka fi ɓata wannan tsari, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Na farko shi ne yawan wani irin kitse a cikin jini, wanda likitoci ke kira kwalastaral. Hanta ce ke yin mafi yawansa, jiki kuma yana bukatarsa daidai gwargwado. Amma akwai nau'insa da ake yi wa laƙabi da LDL, wanda in ya yi yawa yakan manne a bangon jijiya sannu a hankali, kamar yadda laka ke toshe magudanar ruwa, har hanya ta ƙuntata. Na biyu shi ne hawan jini, watau ƙarfin da jini ke bugun bangon jijiya da shi ya wuce kima. In awo ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko ya haura, likita zai ce akwai hawan jini. Tiyon da ruwa ya yi wa ƙarfi kullum, wata rana zai fashe ko ya toshe. In a ƙwaƙwalwa abin ya auku, shi ne shanyewar ɓarin jiki, wanda wasu a ƙauye ke ɗora wa iska ko sammu.

Mugun halin hawan jini shi ne, sau da yawa ba ya sallama. Mutum na iya yin shekaru da shi yana noma yana fatauci bai ji kome ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum biliyan ɗaya ne ke da shi a duniya, kuma kusan rabinsu ba su ma sani ba. Ta kuma ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum wajen miliyan 17.9.

Nan ne gabana ya fara faɗuwa. Duk abin da masu yabon guggul suka dogara a kai, maganar kwalastaral ce. Baffa kuwa hawan jini gare shi. Ashe ko da maganin ya cika alkawarinsa, Baffa ya ajiye maganin cutarsa ne ya ɗauki na wata cuta daban.

Da Aka Kai Shi Gaban Gwaji

Kada wani ya zaci masana sun raina wannan ƙaro ne ba tare da sun duba ba. Sun duba, kuma labarin yana da ban sha'awa. A shekarar 1966 wata likita 'yar Indiya mai suna Satyavati, tana karatun digirin ƙoli a Jami'ar Banaras, ta bi bayanin tsohon littafin nan, ta ba zomaye guggul, ta ga kitsen jininsu ya ragu. Daga nan wata cibiyar binciken magunguna ta gwamnatin Indiya da ke birnin Laknau ta tace ƙaron, a shekarun 1980 kuma aka ba da izinin sayar da shi a ƙasar a matsayin maganin rage kwalastaral. Gwaje-gwaje da dama da aka yi a Indiya sun yabe shi, sunansa ya bazu har Turai da Amurka.

Amma malam ya koya mini cewa gwaji ma suna suka tara. Sahihin gwaji shi ne a raba marasa lafiya gida-gida ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin gaske, a ba wasu ƙwayar wofi mai kama da shi, ba tare da mai sha ko mai bayarwa ya san wace ce wace ba. Dalili kuwa shi ne, ɗan Adam in ya sa rai da abu, yakan ji sauƙi ko da gari ya haɗiya. Da yawa daga gwaje-gwajen farko ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba.

A shekarar 2003 likitocin Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka suka buga sakamakon irin wannan sahihin gwaji. Sun ɗauki mutum 103 masu yawan kwalastaral, suka raba su gida uku, aka yi mako 8 ana ba su ƙwayoyi. Abin mamaki, waɗanda suka sha guggul, mugun kitsen nan LDL bai sauka ba, sai ma ya hau da kashi 4 zuwa 5 cikin 100. Waɗanda suka sha ƙwayar wofi kuwa nasu ya sauka da kashi 5 cikin 100. Bugu da ƙari, mutum 6 daga masu shan guggul suka fito da ƙuraje masu ƙaiƙayi. Wani ƙaramin gwaji da aka buga daga ƙasar Norwe a 2009 shi ma bai ga LDL ya yi wata sauka ta a zo a gani ba. Babu kuma wani babban gwaji da ya nuna cewa guggul yana hana bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, alhali kuwa wannan shi ne abin da mai ciwo ke nema.

Akwai wani abin tsoro kuma. Tun a 1994 wasu likitoci a Indiya suka gano cewa guggul yana rage yawan abin da ke isa cikin jini na magunguna biyu da ake ba masu hawan jini da ciwon zuciya, watau propranolol da diltiazem. Ke nan ko wanda bai ajiye ƙwayar asibiti ba, in ya haɗa ta da wannan ƙaro bai gaya wa likita ba, yana iya raunana maganinsa da hannunsa. Har ila yau, itacen kansa ya sha wuya. Saboda yawan tsaga shi don neman kuɗi ya yi ƙaranci ƙwarai, har a 2015 aka sa shi cikin jerin tsirran da ke gab da ƙarewa a duniya. Abin da ya yi ƙaranci ya kuma yi tsada kuwa, algus ba ya nesa da shi. Wanda ya sayi kafso a bakin mota bai san abin da ke ciki ba, cinikin biri a sama ya yi.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake itatuwa ba su da magani ba. Akwai maganin zuciya mai suna digoxin da likitoci ke bayarwa, daga ganyen wani fure na Turai ake samunsa, dangin wanda wani likitan Ingila mai suna Withering ya yi bayaninsa a 1785. Kwankwani, wanda maharbanmu na dā ke haɗa dafin kibiya da shi, daga danginsa likitocin Turai suka taɓa sarrafa maganin zuciya. Ga kuma zoɓo. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2010, mutum 65 aka raba gida biyu, waɗanda suka sha kofi 3 na ruwan zoɓo kullum har mako 6, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da wajen 7, ta sauran kuwa da wajen 1. Taimako ne kaɗan, bai isa ya maye gurbin ƙwayar mai ciwo ba, amma dai an gani a ma'auni. Abin lura a nan shi ne, itace ɗaya yana iya zama dafi, yana iya zama magani. Awo da gwaji su ke raba tsakani.

Abin da Ya Sami Baffa

Da na samu hutun tsakiyar zango a farkon 2025, na garzaya gida da takardata. Ban tunkari Baffa kai tsaye ba. Na bi ta wajen kakata, na kwashe duka na gaya mata. Ta kira shi bayan sallar isha'i ta ce, "Ni na ce maka ɗan'uwan dashi ne, ban ce maka magani ba ne. Ka koma wa ƙwayar likita." Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna. Saura rabin kwalba, in na ƙarasa sai in koma, kada kuɗin su tafi a banza." Ya kuma ce ai garau yake jin jikinsa.

Kwana biyu bayan haka, da asuba, yana alwala, sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya yi ƙoƙarin kirana, harshe ya yi nauyi, baki ya karkace. Ban taɓa jin tsoro irin na ran nan ba. Wasu maƙwabta suka ce a kawo hayaƙi, amma kakata ta ce a nemo mota. Allah ya taimake mu aka samu, kafin hantsi muna asibiti a Gaya. Da aka ɗaura masa abin awo, sai ma'aikaciyar ta dube mu ta girgiza kai. Likita ya tambayi ƙwayoyinsa, na miƙa masa kwalbar Indiya, na gaya masa gaskiya. Ya ce ba zai rantse cewa abin da ke cikin kwalbar ne ya kā da shi ba, amma ba ya shakkar cewa barin maganin hawan jini wata biyu shi ya buɗe wa cutar ƙofa.

Alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Magana ta dawo, yana tafiya da ƙafarsa. Sai dai har yau hannun nan bai koma yadda yake ba, ba ya iya riƙe fartanya yini guda. Daminar da ta biyo baya ni da ƙannena muka yi noman, da taimakon 'yan'uwa. Awaki biyu suka tafi wajen jinya, ban da tunkiyar farko. Kuɗin makarantata na zangon nan kawuna ne ya biya. Yanzu Baffa da kansa yake tuna wa mutanen gida lokacin ƙwayarsa, kuma yakan ce da abokansa a majalisa, "Da na sani ƙeya ce."

Kira Ga Iyaye da 'Yan'uwa

Daga wannan abu na tsinci darussa huɗu, ina so in bar muku su.

Na farko, duk wanda ya manyanta ya riƙa zuwa ana auna jininsa, ko da ba ya jin ciwo. Awon ba ya cin minti biyar, kuma ana yin sa har a ƙananan asibitocin ƙauye.

Na biyu, wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kada ya bari sai da izinin likita. Jin garau ba warkewa ba ne, alama ce maganin yana aiki. In kuwa mutum yana shan wani sassaƙe ko jiƙo ko kafso, ya faɗa wa likita, ba abin kunya ba ne.

Na uku, a yi hattara da mai maganin da ya ce kwalba ɗaya tana warkar da kome. A duba lambar Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna. A kuma sani cewa lambar da take fara ba maganin gargajiya shaida ce an duba lafiyar shansa, ba shaida ba ce ta cewa yana warkar da duk abin da mai lasifika ya lissafa.

Na huɗu, akwai rigakafin da ba a saye da kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada gishirin da baligi ke ci a yini ya kai giram 5, watau ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne. Iyayenmu mata su sassauta hannu. A rage maiƙo, a guji taba, a riƙa motsa jiki, a yawaita zogale da rama da sauran ganyaye.

Mu kuma ɗalibai, kada karatunmu ya tsaya a cin jarrabawa. Mu ne idon iyayenmu a kan rubutun kwalba. In mun ga abin da ba daidai ba, mu faɗa cikin ladabi, mu bi ta hannun wanda ake jin maganarsa, kuma mu faɗa da wuri. Ni na yi shiru ran farko don kunya, har yau ina tunanin da na yi magana tun a lokacin, watakila da hannun Baffa yana nan da ƙarfinsa. Ina kuma fatan wata rana a sami wani daga cikinmu ya zama masani, ya ɗauki dashi da hano da sauran itatuwan dajinmu ya kai su gaban sahihin gwaji, mu san na sha da na turare.

Dashin da ke shingen gonarmu yana nan yana aikinsa, yana tare awaki, kakata kuma tana turara ɗakinta da ƙaronsa. Allah ya ƙara wa Baffa lafiya, ya ba dukkan marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu amfana da abin da muke karantawa, amin.